Hannuwan Mantau

Tun kafin in taɓa ganin jinin wani a bakin hanya nake tsoron kwalta. Gidan da aka kawo ni aure yana bakinta ne, a wani ƙauye tsakanin Konni da Malbaza. In babbar motar siminti ta wuce, har kwanonin jerena sai sun yi ƙara. Da ɗan farina ya fara rarrafe na daina barcin rana. In zan yi daka sai in ɗaura masa bakin zane a ƙugu, in ɗaure ɗaya bakin a ƙafata. Matan gida suka yi ta dariya, wai ɗan akuya na haifa. Ni dai ban kwance shi ba.

A shekarar ne Majo, babban ma'aikacin gidan likita na yankinmu, ya zo wurin maigari yana neman waɗanda za a koya wa agajin farko, saboda hatsarin mota ya yi yawa a wajenmu, kuma kafin ambilas ta iso daga Konni mai zubar jini ya gama zubarwa. Aka ba shi maza biyu. Na ɗaya Baba Nomau, tsohon mai ginar rijiya. Na biyu Mantau, ɗan gwaggona, taubashina ke nan, ƙato mai baki kamar reza. Majo ya ce sai an haɗa da mace, don mata da yawa sun gwammace su mutu da a ce namiji ya buɗe musu zane. Aka rasa mai so. Uwar mijina ce ta ce, "Ku ɗauki wagga. Ko ba ku sa ta ba, idonta na bisa hanya."

Mantau ya yi dariya har da buga cinya. "Sarkin Tsoro za a ba agaji? To, ku tanadi mai ɗaukarta in ta suma."

Ajin lakwal ɗina, wato makarantar boko, bai wuce na uku ba, amma abin da aka nuna mana a Konni ba na alli ba ne, na hannu ne. Yadda ake danne jini. Yadda ake kwantar da wanda ya suma a gefensa kada harshe ya toshe masa numfashi. Yadda ake ɗaga wanda ya bugu a baya: mutum uku ko huɗu, ɗaya ya riƙe kai kada ya motsa, a ɗaga tare kamar ana ɗaukar ƙyaure. Majo ya maimaita wannan har ya ishe mu: ba a jan mutum, ɗaga shi ake. Aka sallame mu da akwatin katako mai bandeji, auduga, almakashi, sabulu da jan magani. Albashi babu. Sauran kayan aiki gari ya ba mu: karan dawa na ɗaurin karaya, tsohon ƙyauren ɗaki a matsayin gadon ɗaukar mai rauni, igiyar Baba Nomau da fitilarsa, da amalanken jakin duk wanda ya fi kusa.

Samarin da ake koya wa aikin nan yanzu, ina jinsu suna cewa ai ɗaurin bandeji ne, kwana kaɗan an iya. Gaskiyarsu, ɗaurin bandeji ko makaho ya koya. Abin da ba a nuna mana a Konni ba shi ne inda mutum zai aje abin da idonsa ya gani. Shi nake so in ba ku labari, don na daɗe ina kallon yadda aikin ke cin wasu, yana barin wasu.

Aikina na farko wata mai albasa ce. Tayar motar 'yan kasuwa ta fashe, ta zubar da mutane da buhuna a gangare. Matar tana zaune cikin albasarta, hannunta ya lanƙwashe inda babu gwiwa, amma ba ta hannun take ba, takalminta take nema. Na yanke hannun rigar, na jera kara, na naɗe, Mantau ya juya baya yana riƙe mana zane. Ƙanwarta tana ta kururuwa a kunnena, sai Baba Nomau ya ce mata, "Ke, tattaro mata albasarta kada awaki su cinye." Nan take kururuwa ta tsaya. Ranar na gane cewa mai kuka aiki ake ba shi. Na kuma gane wani abu a kaina da ya ba ni mamaki: ni da ke firgita in kaza ta tsallaka kwalta, hannuna bai yi rawa ba ko kaɗan. Sai da ambilas ta tafi, ƙura ta lafa, sannan tsoron ya dawo mini.

Na juya zan ruga gida in duba yaro. Baba Nomau ya ce, "Ina zuwa, ɗiyata? Ba a shiga gida da aiki."

Ya kai mu gindin wani gawo kusa da rijiyar bayan gari. Ya jawo ruwa, ya ce in miƙo hannu. Na ce zan iya wankewa da kaina. Ya ce a'a, a nan ba mai wanke hannunsa, wanda kuka yi aikin tare shi ke zuba maka. Ya zuba mini, na zuba wa Mantau, Mantau ya zuba masa. Muka zauna. Ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da hannunsa ya yi, shi ke nan. Da na fara cewa, "Da na sani da na fara duba ƙafarta," sai ya katse ni.

"Da-na-sani ba ta zama gindin gawon ga. Mi kika gani, mi kika yi?"

Na ɗauka camfi ne, irin na masu rijiya. Da muka saba na tambaye shi. Ya ce shi ma a wurin maigidansa ya gada. In aka fiddo mutum daga rijiyar da ta rufta, ba a barinsa ya tashi ya tafi, ko da ba ƙwarzane a jikinsa. Zaunar da shi ake har ya buɗe baki ya yi magana. Wanda ya tafi gida da bakinsa a rufe, in ji shi, jikinsa ne ya fito, shi yana can ƙasa.

Akwai doka ta biyu, ita ma tasa ce. Duk wanda muka ɗora a ambilas, sai an je an ɗauko ƙarshen labarinsa. Ranar kasuwar Konni Baba Nomau zai leƙa gidan likita, ya dawo ya tara mu a gindin gawo. "Mai albasa ta tahi gida, ƙashi ya kama." Ko kuwa, "Tsohon nan mai jar hula Allah ya yi mishi cikawa." Mu yi masa addu'a, mu shafa, mu tashi. Na lura ko labarin mutuwa ne, daren nan barcina ya fi na kwanakin da ban sani ba.

Mantau bai taɓa ɗaukar wannan da muhimmanci ba. Yana zuwa ne don kunyar Baba. In ana zuba masa ruwa sai ya ce, "Ƙara, Sarkin Tsoro, har da ƙafa, tunda na samu baiwa." In aka zo faɗin abin da aka gani ya ce, "Na ga tsohuwa ta zage ni, hannuna ya ɗauke ta." Kuma gaskiya kamar ba abin da ke taɓa shi. Na ga ranar da ƙasa ta rufta wa wani mai yasar rijiya a ƙauyen gaba da mu. Baba Nomau ya zura fitila da igiya don a ga ko iskar ƙasa mai kisa ce. Wutar ta yi ƙasa-ƙasa amma ba ta mutu ba. Kafin Baba ya gama cewa a dakata, Mantau ya ɗaura igiya a ƙugu. Ya tono mutumin da hannu, ya ɗauro shi, sannan ya ɗaga murya daga can ciki yana cewa a zuro masa fura tunda ya samu ɗaki mai sanyi.

Ni kuwa ina ta kallo ina aunawa. Cikin shekarun nan mutane da dama sun shigo aikin sun fita. Wani mai ƙarfi ne, ya yi damina ɗaya ya bari. Wani ba ya rabuwa da tasbaha, shi ma ya bari. Wani matarsa ce ta hana shi cin tuwo kwano ɗaya da 'ya'yansa in ya taɓa gawa, ya gaji ya aje. Har wani jandarma da ke zuwa awon hatsari na lura da shi, ba ya duban fuskar wanda ya ji rauni, takalmansa yake duba. Na tambayi Baba ko taurin zuciya ke riƙe mutum a aikin nan. Ya ce, "Tulu mai tauri shi ka fashewa. Namu ɗauka ne, ɗiyata. Warkarwa ta likita ce, rai na Allah. Wanda ya haɗa ukun ya aza bisa kainai, wuya zai karye." Na ce to Mantau fa? Ya ce, "Mantau bai gamu da nashi ba tukuna."

Ya gamu da shi a shekarar ruwa mai yawa. Daminar nan korama ta cinye gefen kwalta, rijiyoyi suka yi ta ruftawa, akwatinmu ya koma ba komai sai almakashi, har tsofaffin zannuwa nake dafawa in yayyage su zama bandeji. Baba Nomau kuma kurkunu ya kwantar da shi, ƙafa ta kumbura, ko masallaci ba ya zuwa. Lokacin ina goyon ɗiyata Ladi.

Wata ranar bayan azahar motar siminti ta taka inda ruwa ya rarake, ta kwanta a gefenta. Muka ruga ni da Mantau. Direban yana ciki, sitiyari ya danne masa ƙirji, idonsa a rufe. A bayan kujerarsa akwai jarkokin fetur irin wanda ake sayowa a bakin iyaka, ɗaya ta fashe, ga hayaƙi yana fitowa ta ƙarƙashi. Na ce a kira mutane a riƙe kai. Mantau ya dubi hayaƙin, ya dube ni, ya haye. Ya sa hannu a hammatar mutumin ya fizgo shi da ƙarfin da Allah ya ba shi. Na ga kan direban ya langaɓe baya. Ba mu kai shi nesa ba wuta ta kama gaban motar.

Ambilas ta zo ta ɗauke shi yana numfashi sama-sama, bai ce uffan ba. Tana juyawa hadari ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya watse. Na kira Mantau, na nuna masa wajen gawo, ya ɗaga mini hannu ya nufi gonarsa cikin ruwan. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, ba wanda ya je Konni, mai zuwan yana kwance.

Da farko ba wanda ya lura. Sai aka yi wani ƙaramin hatsari na amalanke, aka aika kiransa, aka ce ba ya nan, alhali yana ɗaki. Sai ya daina tsokanata. Muka haɗu a hanyar rijiya ya ce, "Ina wuni," kamar baƙo. Taubashin da bai zage ka ba, ai ba lafiya. Rannan matarsa Hajo ta shigo wurina, ta ja ni bayan rumbu.

"Yayanki ba shi barci. Nama in gasasshe ne ba shi ci. Sai ya zauna shina shinshinar hannunai, wai fetur yake ji. Na ba shi sabulu, na ba shi toka, har fata ta fara saɓulewa. Jiya ya bugi jakinmu, shi da ko yaro bai taɓa bugu ba. An ce iska ce, an yi rubutu, an yi turare."

Na same shi a zaure. Na ce, "Kai, ƙaton banza, mi ya same ka?" Ko murmushi bai yi ba. Can ya ce, "Kin ji ƙarar?" Na ce wace ƙara. Ya ce lokacin da ya fizgo mutumin ya ji wani abu ya ce ƙas a wuyansa, a nan cikin tafin hannunsa ya ji shi. "Majo ya ce ba a ja. Na ja. In ya mutu, ni ne." Na ce wa ya ce maka ya mutu? Ya ce ba kowa. Na ce wa ya ce maka yana raye? Ya ce ba kowa.

Na je na gaya wa Baba Nomau, yana kwance an naɗe kurkunun a ɗan tsinke. Ya ce, "Yaron ga na cikin rijiya, kuma igiyar tana Konni. Ni ba ƙafa. Sai ke."

Ni da ko gidan iyayena in zan je sai na kwana ina addu'a saboda mota. Na bar ɗan farina wurin uwar mijina, na gaya mata kada ya fita ƙofa har ta ce in ban tafi ba za ta ɗaure ni da zanen nan. Na goya Ladi, na shiga motar kasuwa, na riƙe ƙarfen kujera har Konni.

A gidan likita na samu wata ma'aikaciya da ta tuna direban. Ta ce ya yi 'yan kwanaki, sannan ya rasu, danginsa suka ɗauke shi. Na daure na tambaye ta ko jan da aka yi masa ne ya kashe shi. Ta dube ni da kyau. "Ƙirjin ya fashe tun a mota, wuyan ma ya taɓu. Wanne ya riga wanne, ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba." Na so ta yi mini ƙaryar. Na tsaya a bakin ƙofa ina tunanin in koma in ce wa Mantau mutumin ya warke. Amma direbobi kullum suna tsayawa shan ruwa a garinmu, wata rana zai ji, kuma daga ranar ba zai ƙara yarda da abin da aka faɗa a gindin gawo ba. Matar ta ce in ina son ƙarin bayani in je Malbaza, yayan mamacin ma direba ne.

Na sake shiga mota. Na wuce ta ƙofar gidanmu ban sauka ba, har na hango zanen da na shanya. A Malbaza, inda manyan motoci ke layin lodi, komai fari fat da ƙurar siminti, har ganyen itace. Na tambayi mai shayi, ya nuna mini wani dattijo mai furfura a gemu. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, na ce daga garin da motar ta faɗi nake.

Ya aje kofinsa. "Ke kin san wanda ya fidda shi?"

Na ce na sani.

"Mun yi cigiya ba mu samu ba. Ƙanena Alasan ya farka, baiwar Allah. Ya gane ni, ya gane uwarmu. Ya bar mini amanar ɗiyanai, ya yi kalmar shahada da bakinai. Mu munka wanke shi da hannunmu, munka kai shi Illela kusa da ubanmu. Na ga abin da wuta ta bari na motar nan. Da an jira, toka za a ba tsohuwa." Ya kwance bakin rawaninsa ya fiddo goro ɗaya fari. "Ba ni da abin ba shi. Ki ce mishi mun samu gawar da munka wanke."

Washegari da hantsi aka ɗora Baba Nomau a amalanke aka kai shi gindin gawo. Hajo ta jawo Mantau, yana tafe kamar wanda za a yi wa hukunci. Baba ya ce in faɗi abin da na gani da abin da na ji, kada in ƙara kada in rage. Na faɗa duka, har da maganar ma'aikaciyar nan da ta ce ba ta sani ba. Mantau yana duban ƙasa.

"Ya mutu ke nan," in ji shi.

Na ce ya mutu.

"Ya yi magana?"

Na ce ya yi, har ya gane uwarsa. Na aje goron a gabansa.

Sannan Baba ya ce, "To, saura kai. Mi ka gani, mi hannunka ya yi?"

Ya ce, "Na ga hayaƙi. Na ga ba lokacin kiran mutane. Na ja shi. Na ji ƙara." Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, Baba ya ɗaga yatsa, Mantau ya haɗiye maganar. Muka yi wa Alasan addu'a da sunansa, muka shafa.

Hajo ta ɗauko guga za ta zuba masa ruwa. Ya janye hannu ya ce, "Ba ke ba. Wadda munka yi aikin tare." Na karɓi gugan. Hannuwan nan duk sun tsattsage saboda toka. Na zuba a hankali, ya murza, ya kai hanci ya shinshina. Ya ɓare goron ya ba Baba rabi. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Wai da gaske ke kika shiga mota har Malbaza? Sarkin Tsoro? Lalle direban nan ya sha addu'a."

Hajo ta fashe da kuka, ni kuwa na watsa masa sauran ruwan a fuska.

Bai dawo aiki nan da nan ba. Da farko igiya kawai yake riƙewa, sai daga baya ya koma sauka. Har yau ba ya cin gasasshen nama, kuma ban sani ba ko zai ƙara ci. Amma yanzu da Baba Nomau ya tsufa, Mantau ne ke tare samari in sun juya za su gida, ya ce musu ba a shiga gida da aiki. Zuwa Konni ranar kasuwa kuwa ya zama nawa. Har gobe ina riƙe ƙarfen kujera.

Ga roƙona ga mai karanta wannan. In an taɓa ɗaukarka a bakin hanya, ko an fiddo wani naka daga rijiya, ko daga mota, ka aiko wa waɗanda suka ɗauka da labarin yadda aka ƙare. Ba kuɗi muke nema ba, ba godiya ba. Ko ya warke, ko ya rasu, ka faɗa wa direban da ke bi ta garin ya tsaya ya gaya mana. Akwai mai jira.